Makiyayi Na Huɗu

Tun da na dawo daga Sakkwato ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A fada, a ofis, har a bakin masallacin Juma'a, kowa sai ya tare ni: ya hanya, ya Najeriya, kun gamu da Sule? Na san tambayoyin farko rakiya ce kawai, ta ƙarshen ake son ji. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Hamidu, likitan dabbobi ne ni a nan Filinge, ina kuma zuwa Yamai lokaci-lokaci in koyar da ɗalibai. Sule abokina ne tun muna lekol, wato makarantar boko, benci ɗaya muka zauna, kuma ba don yabon kai ba, shi ke leƙen allona ranar lissafi. Shi ya samu tafiya Turai karatu, ni na tsaya gida da shanu.

Damina uku na yi ina bin wani tsohon makiyayi, Baffa Umaru, a rugarsa kusa da Damana. In shanu suka ci gyauron dawa cikinsu ya kumbura, yana da jiƙon sabara da kanwa da yake ɗura musu, su tashi. Ranar da ya yarda ya nuna mini haɗin, sai da ya zaunar da ni a kan tabarma.

"Maganin ga ba shi ci sai an hwaɗi inda anka samo shi," in ji shi. "Ni ga Inna Dijo na karɓa, yar uwata. Ita ga ubanta, Sambo mai jan sa. Hwaɗi in ji."

Na faɗa, ya ce in sake, har sau uku. Na yi ina murmushi a raina, irin murmushin ɗan lekol in ya ji maganar tsofaffi. Abu ɗaya na ƙara a aikin: da hannu suke ɗibar kanwa, wani lokaci ta yi yawa maraƙi ya kama zawo, sai na auna musu da ƙaramin kofin shayi. Na rubuta komai da Faransanci, aka buga a wata mujallar kimiyya ta nan gida, mai shuɗin bango, wadda ke fitowa in an samu takarda da tawada. Ba ta kan intanet.

Da Sule ya zo hutun Sallah, ni da hannuna na ba shi kofen mujallar, ni na goya shi a babur har rugar. Ya tsinki ganye, ya tafi da shi, ya auna a injinan can, ya rubuta da Turanci a wata babbar mujalla ta duniya. A sana'armu, darajar rubutu ita ce a ambace shi: wani mai bincike ya ce, kamar yadda wane ya nuna. Akwai shafi a intanet da ke ƙirga wannan ambato. Lambar Sule kullum hawa take. Ni ko sunana shafin bai sani ba. Na kai ina buɗe wayata da safe kafin in karya, in duba lambarsa, in ɓata wa kaina rai da hannuna. Maiɗakina ta ce ko labarin damina ban taɓa bibiya haka ba.

Abin ya wuce ƙyashi ranar da aka dawo mini da dosiyena, wato takarduna na neman ƙarin girma, da rubutu a gefe cewa ba a ga inda aka ambaci aikina ba. A makon ne na ji za a yi taron likitocin dabbobi a Sakkwato, kuma Sule ne babban baƙo mai jawabi. Na ce zan je. So nake ya faɗa da bakinsa, gaban mutane, cewa daga wurina aikin ya fara, ya kuma rubuta mini haka in maƙala a dosiye. Na kwaso ragowar kofen mujallar da ke ƙarƙashin gado, na cika kwalin taliya da su, na ɗaure da igiyar roba.

Daga Filinge zuwa Yamai ba labari, in ban da cewa kwalin ya hau saman mota tare da awaki biyu, kuma ɗaya ta ɗanɗana kusurwarsa kafin mu kai Baleyara. Direba ya ce in yi haƙuri, ita ce ta fara karantawa. A Yamai na kwana biyu a gidan ƙanena ina jiran sa hannu a takardar izinin tafiya, don mai sa hannun ya tafi ta'aziyya ƙauyensu da hatimin a aljihu.

A babbar motar da ta ɗauke mu zuwa Ƙwanni na zauna kusa da wata Hajiya 'yar Tawa, mai fataucin cuku. Tun daga Doso take kallon kwalin, don wannan karon na ƙi yarda a ɗora shi sama, na matse shi tsakanin ƙafafuna.

"Malam, mi kaka saidawa?"

"Ba na saidawa ba ne, Hajiya. Rubutuna ne."

"Duka kai ka rubuta?"

"Guda ne, anka buga da yawa."

Ta ɓallo cuku ta miƙo mini. "To in guda ne, mi ya sa ba ka ɗauko guda ba?"

Na karɓi cukun. Muka wuce Dogon Dutsi ina taunar cuku, ƙafafuna sun yi tsami, ina ta shirya maganar da zan faɗa wa Sule, ina gyara ta, ina ƙara mata barkono.

A kan iyaka, tsakanin Ƙwanni da Illela, wani jami'i mai furfura ya sa na kwance igiyar. Ya ɗauki kofe ɗaya, ya juya gaba ya juya baya, ya ga Faransanci, ya ga hoton saniya.

"Kayan sayarwa ne?"

"Ranka ya daɗe, da akwai mai saye da ban kawo su nan ba."

Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Sannan ya tambaye ni me ke ciki, na faɗa masa. Ashe yana da shanu a gida wajen Gwadabawa. Ya sa na zauna a benci na bayyana masa haɗin tun daga tsinkar ganye, yana rubutawa a bayan wata tsohuwar takarda, motarmu tana ta yi mini oda. Ya riƙe kofen ya ce 'yarsa ta yi Faransanci a makaranta. Na shiga mota ina jin daɗi, sai daga baya na tuna cewa wannan ba ya cikin abin da shafin nan ke ƙirgawa.

Sakkwato ba baƙon wuri ba ne ga kunnenmu. Maganarsu tamu ce, sai dai inda mu muke sa Faransanci su Turanci suke sawa, har na tambayi mai babur ya kai ni otogar, wato tashar mota, ya tsaya yana kallona. Wani ya ce Hausata irin ta kakarsa ce, ban san ko yabo ba ne. Burodinsu zaƙi gare shi kamar an yi don biki, kuma in ka ce shayi, sai a kawo maka babban kofi cike da madara, ba irin namu na gawayi mai ɗaci da ake sha kaɗan-kaɗan ba. Tuwon shinkafarsu kuwa ban da abin cewa, na ci na ƙara.

An sauke mu a masaukin baƙi, mutum biyu a ɗaki. Abokin ɗakina Dakta Bashir ne, malamin wata kwaleji daga wajen Kano, mutum mai fara'a da son magana. Da ya ga kwalin bai yi dariya ba. Ya buɗe jakarsa ya nuno mini nasa, mujallar kwalejinsu, mai koren bango.

"Ai ciwonmu ɗaya," in ji shi. "Ka yi aiki a kan shanun garinku, ka buga a gida don mutanen gida su amfana, sai ya zama kamar ka binne shi. Ka kai wa manyan mujallun waje, su ce wannan matsalar ƙauyenku ce, ko su ce Turancinka bai yi ba, ko su nemi abin da albashinka ba zai ɗauka ba. Ɗalibaina ma sun fi son su ambaci Bature a kan cutar da ni na fara gani a bayan gidansu. Sun ce ya fi kwarjini."

Sai ya rage murya, ya gaya mini yadda wasu ke yi. Su haɗu su biyar ko shida, kowa in zai rubuta sai ya ambaci sauran, ko aikin ya shafi juna ko bai shafa ba. Kamar biki: ka kai wa wani gudummawa, ranar naka ya kawo. Ya ce in ina so ya sa ni. Shi a kan kaji yake aiki. Na ce zan yi tunani, kuma gaskiya na yi tunanin fiye da yadda ya kamata.

Al'adar taronsu ta ba ni mamaki. Mu a Yamai mai jawabi yakan ce 'yan uwa barkanku, ya shiga magana. Su sai an jero kowane babba da muƙamansa ɗaya bayan ɗaya, kowane mai jawabi kuma ya sake jerowa daga farko. Aka raba mana jaka da biro da hula, aka fita ɗaukar hoto tun ba a ce komai ba. Na ajiye kwalina a kan tebur bakin ƙofa, na rubuta da Hausa da Faransanci cewa kyauta ne. Mutane suka riƙa ɗauka suna buɗewa, su ga ba Turanci ba ne, su mayar a hankali kamar wanda ya taɓa kayan da ya fi ƙarfinsa a kasuwa. Wasu suka ɗauka suna fifita da shi lokacin da wuta ta ɗauke.

Sai ga Sule. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa farar shadda da ta sha guga, ana ta rububin gaisawa da shi. Ya hango ni, ya bar su duka ya zo ya rungume ni, ya kira ni da sunan da ake tsokanata da shi a lekol. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, don na zo da fushina a shirye, shi kuma murnarsa ta gaskiya ce.

Jawabinsa ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Turancin yana fita kamar ruwan famfo, ni ina tsintar rabi. Amma hotunan ba sa buƙatar tafinta: ga sabarar Damana, ga ƙwaryar Baffa Umaru, ga kofin shayi. Kofina ne, mai tsagin nan a baki, na san shi kamar yadda na san yatsuna. Wani farfesa ya tashi ya ce a jami'arsu hanyar Sule suke kiran wannan magani. A allo na ƙarshe, wurin godiya, sai ga sunana, tsakanin na wadda ta gyara masa Turanci da na ma'aikatar da ta ba shi mota. Ya nuna ni da hannu, aka juyo aka tafa mini. Ban taɓa jin tafi mai ɗaci irin wannan ba.

Na kama shi bayan sallar la'asar, a gindin wata bishiyar dogon yaro, kafin a sake janye shi.

"Sule, godiya na ce ka yi mani? Cikin jerin littattafan da ka ambata nika son ganin sunana. Can aka ƙirga."

Ya cire tabarau ya goge. "Wallai na sa ka, Hamidu. Kai na na hwarko. Masu duba aikin sunka ce sun biɗi mujallar ga ko'ina ba su same ta ba, abin da ba a iya samu ba a iya dogara da shi. Sunka ce in sa wanda kowa ka iya buɗewa."

"Sai ka hidda ni."

"Sai na hidda ka."

"Da ka tsaya. Da ka ɗauki hoton shahin ka aika masu."

"Da na tsaya," in ji shi. "Tsoro na ji su maido da aikin duka. Shekara biyu ina jira."

Na so ya yi gardama. Duk barkonon da na tanada tun daga Dogon Dutsi na gardama ne, ga shi mutum ya amsa laifinsa a tsaye. Ya ce zai rubuta mini takardar shaida a ranar, kuma ya rubuta, ya sa hannu. Ya ce in kawo sabon aiki mu buga tare a waje, sunana a gaba. Na ce zan duba. A raina ina cewa, wato sai da rakiyarka za a buɗe mini ƙofa. Na karɓi takardar, na ninke, ban ji sanyin da na zata zan ji ba. Da zai shiga mota na lura har takalminsa ya fi nawa, abin da bai shafi kimiyya ba ko kaɗan.

Na bar wa Dakta Bashir kofe biyar, ya ba ni nasa biyar. Maganar bikin ambato ban sake tayar da ita ba, shi ma bai tayar ba. Na ɗaure kwalina, bai rage nauyi sosai ba, na kamo hanyar gida.

Ran Lahadi na baro Yamai, ranar kasuwar Baleyara. Motarmu ta tsaya sauke buhuna, direba ya ce sai bayan azahar. Na saɓi kwalin don kar a sake ba akuya, na shiga wajen shanu in miƙe ƙafa. Can bayan turakun bijimai na ji muryar da na sani. Baffa Umaru ne zaune a kan buzu, sandarsa a gefe, gabansa wani magidanci ɗan wajen Tabla wanda ya sayi shanun noma bai san kansu ba. Baffa bai gan ni ba, na tsaya bayan wata amalanke.

"Ni ga Inna Dijo na karɓa, yar uwata," yake cewa. "Ita ga ubanta, Sambo mai jan sa. Awon kanwa ko, kohin shayi guda ba a ƙarawa, wannan na Hamidu na, lokotoron Hilinge. Hwaɗi in ji."

Mutumin ya faɗa. Ya tuntuɓe a sunana, tsohon ya sa ya sake. Sau uku na ji sunana a bakin wanda bai taɓa ganina ba, a bayan na Inna Dijo da Sambo mai jan sa, cikin kukan shanu da hayaniyar dillalai. Na je har wata ƙasa neman abin da ake yi mini a nan kowace kasuwa.

Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi yaron nan mai tabarau da na taɓa kawo masa. Sannan ya dubi kwalin.

"Takardar maganin ce? Har yanzu tana nan da yawa haka?"

"Tana nan, Baffa."

"Karanta mani wurin da ka hwaɗi Inna Dijo. Ina son in ji yadda sunanta ka hita da nasaranci."

Na kwance igiyar, na buɗe shafin, ko da yake na san abin da ke ciki. A makaranta an koya mana kada a rubuta sunan wanda aka yi wa tambayoyi, sai dai a ba shi lamba, don a kare shi. Ana iya neman izininsa a sa sunan, amma ban nema ba, bai ma zo mini a rai ba. Baffa shi ne mutum na huɗu da na yi hira da shi a wancan aikin, haka kuwa na rubuta.

"Ba ta ciki, Baffa."

"Sambo hwa?"

"Ba shi ciki."

"Ni?"

"Kana ciki. Na ce makiyayi na huɗu."

Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi mujallar ya auna nauyinta a tafin hannu, ya dubi hoton saniyar, ya mayar mini.

"To shi ya sa ba ta yi tahiya ba," in ji shi. "Ai na gaya maka tun ran nan. Sau uku."

Direba ya fara oda. Na ɗauko biron da aka raba mana a Sakkwato, na ɗora mujallar a gwiwa, na soke makiyayi na huɗu, na rubuta sunayen uku a gefen shafi, na karanta masa. Ya gyara mini: Sambo mai jan sa, ba mai jan sanuwa ba.

Takardar Sule tana cikin dosiyena yanzu, an mayar Yamai, ina jira. Ƙyashinsa bai sake ni ba, kada wani ya ce na dawo waliyyi. Jiya ma na duba lambarsa, ta ƙaru. Amma wanda ya zo gidana da yamma zai same ni a kan tabarma da kwalin taliya a gaba, ina ɗaukar kofe ɗaya-ɗaya ina gyarawa da biro. Na kusa rabi.